Wa ke gaya wa Linux yawan ƙofofin rautarka? Fashin baƙi kan sikimar bai-ɗaya ta suwic

Idan rauta biyu suna ɗauke da cif ɗin suwic iri ɗaya, kuma direba ɗaya, wato manhajar da ke sarrafa cif ɗin, ke tuƙa su, me ya sa ƙofofin ɗaya ke aiki lafiya lau, ɗayar kuma ƙofa biyu su ƙi motsi, ko a ga wadda aka buga wa LAN1 a jikin akwati ta fito a manhaja da sunan lan4? Kuma me ya sa masu gina Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da rautoci da yawa, ke shafe watanni suna ja-in-ja a kan wasu fayiloli da babu ko layi ɗaya na umarnin da kwamfuta za ta zartar a cikinsu?

Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya. Da zarar ƙofa ta ƙi aiki, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne direba ya lalace. Sau da yawa direban lafiyarsa ƙalau, bayanin da aka miƙa masa game da allon lantarkin da cif ɗin ke kai ne ba daidai ba. Wannan bayani, da ƙa'idar rubuta shi da ake kira sikima, da yunƙurin da aka yi na sa duk direbobin suwic su bi ƙa'ida guda, su ne abin da za mu warware a nan.

Abin da cif ba ya iya faɗa da kansa

Suwic shi ne ɓangaren da ke karɓar fakitin bayanai ta wata ƙofa ya tura shi ƙofar da ta dace. Ramukan nan huɗu ko biyar da ke bayan rautar gida, inda ake soka kebul, galibi cif guda ne ke bayansu. Kamfanoni irin su Marvell, Broadcom, Qualcomm, MediaTek, Realtek, Microchip da NXP duk suna ƙera irinsa.

A babbar kwamfuta, idan ka soka na'ura ta USB ko ta PCI, ita da kanta take gabatar da kanta: ga wanda ya ƙera ni, ga lambata. Ƙananan alluna ba su da wannan gata. Cif ɗin suwic yakan rataya ne a layukan sarrafawa irin su MDIO, SPI ko I2C, waɗanda ba a gina su don na'ura ta yi wa firosesa, ƙwaƙwalwar allon, cikakken bayanin kanta ba. Ko da an karanto lambar cif ɗin, akwai abin da shi kansa bai sani ba, wato yadda aka ɗinka shi a kan allo. Ɗauki MT7530 na MediaTek. Ƙofofi bakwai gare shi, daga 0 zuwa 6. Biyar na farko suna da nasu PHY a ciki, wato ɓangaren da ke mayar da bayanai siginar lantarki mai bin kebul, sauran biyun kuma ana iya haɗa su da firosesa ko da wani abu na waje. Wani kamfani zai fito da biyar ɗin duka waje, wani uku kawai, wani ya jera su daga dama zuwa hagu, wani akasin haka. Cif ɗin bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Dole wani ya gaya wa direba.

A da, a ɓangaren Linux mai kula da firosesa irin na ARM, kowane allo yana da nasa fayil na harshen C da ke lissafa kayan da ke kansa. Alluna suka yi yawa, fayilolin suka zama tsibi, har a 2011 Linus Torvalds ya fito fili ya nuna fushinsa kan yadda ɓangaren ARM ke cika zuciyar Linux da tarkace. Mafitar da aka runguma ita ce Devicetree, bishiyar na'urori, wadda asalinta ke komawa ga Open Firmware, ma'aunin IEEE 1275 na shekarar 1994, kuma masu firosesar PowerPC sun riga sun daɗe suna amfani da ita. Ana rubuta bayanin allo a fayil na dts, manhajar dtc ta dunƙule shi ya zama dtb, sai manhajar tayar da na'ura, galibi U-Boot, ta miƙa wa Linux lokacin kunnawa.

Mu leƙa cikin bishiyar a ga yadda suwic ke zama. Akwai reshe na cif ɗin kansa, ɗauke da sifa mai suna compatible da ke faɗin ko wane cif ne, da reg mai faɗin adireshinsa a kan layin da ya rataya. A ƙarƙashinsa akwai reshen da ya tattara ƙofofi, kowace ƙofa da nata ƙaramin reshe. A nan reg na nufin lambar ƙofar a cikin cif, label sunan da mai amfani zai gani, kamar lan1 ko wan, phy-handle yana nuna PHY ɗin da ke gabanta, phy-mode kuma irin wayoyin da suka haɗa su. Idan babu PHY a tsakani, kamar haɗin suwic da firosesa kai tsaye, sai a sa fixed-link a rubuta gudun da hannu. Wanda ya musanya label na ƙofa biyu, shi ya jawo LAN1 ta zama lan4. Direba ya yi abin da aka ce masa ne kawai.

Daga yarjejeniyar baka zuwa wadda na'ura ke dubawa

Mai rubuta direba da mai rubuta bayanin allo sau da yawa ba su taɓa haɗuwa ba, ƙila ma shekaru ne tsakaninsu. Abin da ya haɗa su shi ne yarjejeniya: ga sunayen sifofin da za a yi amfani da su, ga ma'anar kowace, ga wadda ta zama tilas. Shekara da shekaru ana rubuta waɗannan yarjejeniyoyi da zube, a fayilolin rubutu zalla da ke cikin kundin bayanan Linux. Mutum ne kaɗai ke iya karanta su, kuma mutum yana gajiya.

Ita dtc nahawu take dubawa, ba ma'ana ba. Idan ka yi kuskuren harafi guda a sunan phy-mode, za ta dunƙule fayil ɗin ba tare da ta ce uffan ba. Direba zai nemi sifar da sunanta na gaskiya, ya rasa, sai ko dai ya ƙi ɗaga ƙofar ko ya yi zato. Kuskuren zai kwanta har ranar da wani ya soka kebul.

Rob Herring, ɗaya daga cikin masu kula da Devicetree, shi ya jagoranci sauya wannan. Aka fara rubuta yarjejeniyoyin da YAML, salon rubutu da na'ura ke iya karantawa, bisa ƙa'idojin JSON Schema, aikin ya shiga Linux 5.0 da ya fito a 2019. Irin wannan fayil shi ake kira sikima. Yanzu akwai umarni biyu da kowane mai aikin ya sani: dt_binding_check yana duba ita sikimar da misalin da ke cikinta, dtbs_check kuma yana auna bayanin alluna na gaske da sikimar. Sifar da ba a sani ba, ko wadda aka manta, ko lambar da ta wuce iyaka, duk za su fito a gargaɗi tun kafin a kunna allo.

Akwai abin da ake yawan ruɗewa a kai: sikima ba ta shiga rautarka. Ba ta aiki lokacin da na'ura ke kunne, ba ta ƙara gudun intanet. A teburin masu gini take aiki.

Inda suwic ya rabu gida biyu

A nan gizo ke saƙa. Linux yana da hanyoyi biyu na tuƙa suwic, kuma tarihin da ya haife su ya bar tabo a kan bayanin alluna.

Ta farko ita ce DSA, wato Distributed Switch Architecture, wadda ta shiga Linux a 2008 domin cif-cif na Marvell. An gina ta ne don suwic da ke zaune a wajen firosesa, wanda aka sadaukar da ɗaya daga ƙofofinsa ta zama hanyar zuwa firosesar. Duk fakitin da zai bi ta wannan ƙofa, suwic yakan manna masa ɗan tambari mai faɗin ƙofar da ya shigo ta. Da wannan tambari Linux ke nuna kowace ƙofa tamkar katin sadarwa mai zaman kansa. DSA tana kuma iya jera suwic da yawa a sarƙa su zama kamar guda.

Ta biyu ita ce switchdev, da ta zo a Linux 3.19 a farkon 2015. Ita tsari ce ta sauke wa cif aikin da Linux zai yi da kansa, kamar haɗa ƙofofi da raba VLAN, wato tsaga sadarwa ɗaya gida-gida. DSA ma a kanta take dogara yanzu. Amma akwai direbobin da ke amfani da switchdev zalla ba tare da DSA ba, domin suwic ɗinsu yana cikin cif ɗaya da firosesa, fakiti na isa gare ta kai tsaye ba sai ya bi ta wata ƙofar Ethernet ba. CPSW na Texas Instruments da Sparx5 da LAN966x na Microchip suna cikin wannan rukuni.

Masu DSA sun daɗe da yarjejeniya guda da duk direbobinsu ke bi, an kuma mayar da ita sikima a 2020. Waɗanda ba na DSA ba kowa ya yi ta kansa: kowane cif ya sake bayyana mene ne ƙofa, yaya ake lambarta, waɗanne sifofi take karɓa. Abu ɗaya aka yi ta maimaitawa, kowane maimaici da ɗan bambancinsa.

Dangin cif na Ocelot, na kamfanin Microchip, su suka fi fito da matsalar fili. VSC7514 yana da firosesar MIPS a cikinsa, direbansa na switchdev zalla ne. Ɗan'uwansa VSC9959, wanda ke cikin LS1028A na NXP, direban DSA mai suna Felix ke tuƙa shi. Sai kuma VSC7512, wanda ake iya barin firosesarsa ta ciki a sarrafa shi daga waje ta SPI, shi ma ta DSA. Ƙirar suwic ɗin kusan guda ce, ƙofofin iri ɗaya ne, amma bayaninsu na bin sikima daban-daban saboda kawai wane ɓangaren Linux ne ke riƙe da su. Wannan ya saɓa wa babbar ƙa'idar Devicetree, cewa abin da ake bayyanawa shi ne ƙarfen da ke kan allo, ba manhajar da za ta tuƙa shi ba. DSA dabara ce ta Linux. Ƙofar suwic kuwa ƙofa ce ko da wace manhaja aka ɗora.

Gyaran da ya shiga a 2023 shi ne a tsame abin da duk suwic suka yi tarayya a kai a ba shi gidansa. Aka samar da ethernet-switch.yaml don suwic ɗin kansa da ethernet-switch-port.yaml don ƙofarsa. Abin ya zama hawa-hawa. A ƙasa akwai sikimar duk wani mai sarrafa Ethernet, inda phy-mode da phy-handle da fixed-link suke. A kanta sikimar ƙofar suwic ta hau. A kan wannan DSA ta ɗora abin da ya keɓanta da ita: sifar ethernet mai nuna katin firosesar da ƙofar ta haɗu da shi, link mai nuna haɗin suwic da suwic, da dsa,member mai faɗin matsayin kowane suwic a sarƙa. Can sama kuma kowane cif ya ƙara nasa. Kamar fom ɗin asibiti ne: shafin farko na suna da shekaru kowa shi yake cikawa, kowane sashe kuma ya liƙa nasa shafin a baya, ba ya sake buga na farkon.

Akwai wata ƙaramar dabara a nan da ta ci wa masu aikin lokaci. Sikimar bai-ɗaya dole a bar ta a buɗe, domin ba ta san abin da cif zai ƙara ba. Sikimar cif ce ke rufe ƙofa ta ce ban da waɗannan ba a yarda da komai ba. Amma kalmar rufewa ta asali, additionalProperties, sifofin da aka lissafa a wurin kawai take gani, ba ta ganin waɗanda aka gada daga ƙasa. Idan ka yi amfani da ita, sai ta ƙi phy-mode da ka gada halal. Sai da aka koma ga unevaluatedProperties, wadda ta zo a bugun JSON Schema na 2019, mai lissafawa har da gadon. Idan kuma aka manta ba a rufe a ko'ina ba, komai zai wuce, har da kuskuren harafin da aka gina sikimar don kama shi. Yawancin kai-komon da ake gani wajen bitar irin wannan aiki a kan wannan gaɓa yake: a wane hawa za a buɗe, a wane za a rufe.

Masu ja da masu saki

Masu kula da Devicetree matsayinsu a fili yake. Sifa ɗaya, suna ɗaya, ma'ana ɗaya. Idan kamfani ya zo da sabuwar sifa mai ɗauke da sunansa a gaba, tambayar farko ita ce ko akwai ta bai-ɗaya da ta riga ta yi wannan aiki. Ta biyu, shin wannan siffar allo ce ko zaɓin mai amfani ne aka so a cusa a bishiya?

Injiniyoyin kamfanoni suna da nasu kuka, kuma ba na banza ba ne. Direba ya gama, yana aiki, amma ba zai shiga ba sai sikimarsa ta tsallake bita, wani lokaci zagaye bayan zagaye a kan sunan sifa guda. Ga wanda ke da ranar fitar da kaya a gabansa, wannan jinkiri ne mai tsada. Wasu kan gaji su riƙe direban a nasu reshen Linux na gida, su sayar da kaya a haka.

Rukuni na uku su ne masu tsofaffin alluna, kuma hujjarsu ta fi ta kowa nauyi. Yarjejeniyar Devicetree alkawari ce: dtb da aka rubuta jiya ya kamata ya ci gaba da aiki da Linux na gobe, domin a wasu na'urori yana zaune ne tare da manhajar tayarwa inda ba mai taɓa shi. Shi ya sa tsabtacewa ke da iyaka. Reshen da ke tattara ƙofofi, alal misali, tun asali sunansa ports. Daga baya aka ga sunan ya yi karo da wata yarjejeniya ta daban da ake bayyana haɗin kyamara da allon nuni da ita, sai aka kawo ethernet-ports. Amma ba a iya kashe tsohon ba, sikima da direba duk suna karɓar biyun. Haka da aka zo gyara sunayen rassan suwic na Marvell su dace da sabuwar sikima, sai aka tarar U-Boot na rautar Turris MOX, ta ƙungiyar CZ.NIC ta ƙasar Cek, yana neman rassan ne da tsofaffin sunayensu domin ya kunna su. Canza suna zai kashe ƙofofin na'urorin da ke hannun mutane. Aka bar sunayen yadda suke, sikima ta yi musu gurbi.

A ganina masu tsaurin suna da gaskiya, kuma dalilin yana cikin hujjar rukuni na uku. Tunda duk abin da ya shiga ba ya fita, wurin da ya dace a tsaya kai da fata shi ne bakin shiga. Direba mara kyau ana iya sake rubuta shi a bugu na gaba. Sifa mara kyau kuwa, da zarar ta shiga alluna, sai a yi ta ɗaukar nauyinta shekaru. Wata biyu na bita ba su kai wannan tsada ba. Inda nake ganin kukan injiniyoyi ya cancanci amsa shi ne saƙonnin gargaɗin kayan binciken, waɗanda sau da yawa sabon shiga ba ya gane inda suka dosa.

Abin da sikima ba ta gani

Kada a ɗora wa sikima abin da ba ta iya ɗauka. Siffar bayani take dubawa, ba gaskiyarsa ba. Misali mafi ciwo shi ne RGMII, haɗin da ake yawan amfani da shi tsakanin suwic da firosesa ko PHY a gudun gigabit. Agogonsa na bugawa sau miliyan 125 a daƙiƙa, ana kuma aika bayanai a hawa da saukar kowane bugu. Don mai karɓa ya karanta daidai, dole siginar agogo ta ɗan makara da kimanin nanodaƙiƙa 2, wato kashi biyu cikin biliyan na daƙiƙa. Wannan jinkiri ko dai mai zanen allo ya samar da shi ta tsawaita layin agogo, ko a sa cif ya ƙara shi a ciki.

Sifar phy-mode tana da ƙima huɗu don wannan: rgmii, rgmii-id, rgmii-rxid da rgmii-txid. Ma'anar da masu kula da ɓangaren suka tsaya a kai ita ce ƙimar tana bayyana allo: rgmii na nufin layukan allon sun riga sun samar da jinkirin, rgmii-id na nufin ba su samar ba, a ƙara a cif. Alluna da yawa sun rubuta rgmii alhali layukansu ba su da wani ƙarin tsawo, suka yi ta aiki saboda wani direba ko manhajar tayarwa na ƙara jinkirin a ɓoye. Ranar da aka gyara direban ya bi ƙa'ida, sai ƙofar ta nuna ta haɗu, fitila na ci, amma fakiti na zubewa ko ba ya wucewa sam. Duka ƙimomin huɗu halal ne a wurin sikima, don haka ba za ta yi gargaɗi ba. Wannan sai mutumin da ya buɗe zanen allon ya duba. Abin da sikimar bai-ɗaya ta taimaka da shi shi ne ma'anar tana rubuce a wuri guda, ba kowane direba da tasa fassarar ba.

Me ya shafi mai rauta a gida?

Wanda ya taɓa ɗora OpenWrt, buɗaɗɗiyar manhajar rauta da aka gina a kan Linux, ya ga wannan da idonsa, ko bai san sunansa ba. Shekaru da dama OpenWrt na tuƙa suwic da nasa tsarin mai suna swconfig, wanda bai taɓa shiga Linux na asali ba. A can suwic duka yakan fito kamar kati guda, a raba shi da lambobin VLAN. Daga bugu na 21.02, wanda ya fito a Satumbar 2021, aka fara mayar da rukunonin na'urori zuwa DSA, ciki har da masu cif ɗin MT7621 na MediaTek. Sai ƙofofi suka fito da sunayensu, lan1, lan2, wan, kuma waɗannan sunaye daga label na bishiyar na'urori suke zuwa. Tsohon saitin sadarwa bai dace da sabon tsari ba, dole aka sake shi daga farko. Mutane da yawa sun ji haushi, kuma haushin na da dalili. Amma wannan shi ne kuɗin da ake biya idan aka daɗe a kan hanyar da ba ta bai-ɗaya ba, sannan aka zo komawa.

Ribar kuwa a tsawon rai take. Rautar da bayanin allonta ke bin yarjejeniyar bai-ɗaya, direbanta kuma ke cikin Linux na asali, tana iya ci gaba da samun sabon Linux da gyaran tsaro bayan kamfanin da ya ƙera ta ya daina waiwayarta. Ƙara sabon allo mai cif da aka riga aka sani yakan zama aikin rubuta fayil ɗin dts guda, ba sabon direba ba, kuma mai sa kai zai iya auna fayil ɗinsa da sikima kafin ya aika. Wadda ke kan reshen kamfani na gida da sifofin da shi kaɗai ya san ma'anarsu, ranar da kamfanin ya juya baya sai wani ya zauna ya warware komai daga tushe, idan an samu mai yi.

Ribar ba ta tsaya ga Linux ba. Ana buƙatar sababbin sikimomi su fito da lasisi biyu, GPL da BSD, domin wasu manhajoji su iya ɗauka. U-Boot da FreeBSD suna amfani da bayanan alluna da aka rubuta bisa waɗannan yarjejeniyoyi. Su ba su da dalilin ɗaukar duk dabarun cikin gida na Linux, amma suna buƙatar sanin ƙofa nawa ke kan allo da inda kowace ta nufa, kuma sikimar da ta raba suwic da DSA ta ba su wannan a tsabtace.

Ga mai shirin sayen rauta da niyyar ɗora mata buɗaɗɗiyar manhaja, sunan cif ɗin suwic da ke ciki ya fi adadin eriyar da ke kai muhimmanci: a duba ko yana da direba a Linux na asali, a kuma duba ko allon yana da fayil ɗin dts a OpenWrt ko a Linux. Ga wanda ya sabunta manhaja ƙofa ta mutu, rahoton da zai fi amfani shi ne mai faɗin ainihin samfurin na'urar da bugunta, wace ƙofa ce a jikin akwati, da wane suna ta fito a manhaja, da ko fitilar haɗi na ci amma bayanai ba sa wucewa. Da waɗannan mai gyara zai san ko label zai duba, ko phy-handle, ko phy-mode.